Yadda ake kai iyali gida hutun damana: daga Yamai zuwa Tawa

Da an rufe lakwal, wato makarantun boko, masu jarrabawa sun ajiye alƙalami, sai tashoshin mota na Yamai su cika da iyalai masu tafiya gida. Hutun yana da tsawo, tun daga Yuli har bakin Oktoba, kuma shi ne kawai lokacin da yaron da aka haifa a Yamai zai zauna da kakanninsa na Adar, wato ƙasar Tawa, har su saba. Sai dai hutun ya faɗo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, duk mai ƙarfi a gidan yana gona, hanya tana hannun ruwan sama, sauro kuma ya ƙyanƙyashe. Wanda ya shirya tafiyarsa bisa waɗannan abubuwa, zuwansa zai zama sauƙi ga gidan. Wanda ya ɗauki jaka kawai ya taho da baki shida, an yi murna da shi, amma da ya juya baya za a fara auna abin da ya rage.

A fara da zaɓen lokaci

Damana ba ɗaya ba ce daga farkonta zuwa ƙarshe. A Yuli ana shuka, ana noman fari. Mutanen gida suna fita tun da sassafe, ba sa dawowa sai azahar ta gota. Baƙo a wannan wata zai wuni da tsofaffi da ƙananan yara. Agusta shi ne tsakiyar ruwa: ƙoramu suna kawowa, hanyoyin ƙauye suna yankewa, kuma shi ne watan da abinci ya fi tsada a kasuwa. A Satumba ruwa ya fara ja baya, gero ya fitar da kai, ana gasa tumu, wake ya fara nuna, zabi suna ta ƙwai, fuskar kowa ta saki. Idan da zaɓi, makonni biyu na farkon Satumba sun fi kowane lokaci daɗin ziyara. Aibinsu biyu: zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a lokacin, kuma kowa yana son dawowa Yamai a mako guda saboda komawa lakwal.

A kira gida tun mako biyu kafin tafiya, kuma a kira wanda ke riƙe da gidan, ba ƙanin da ya fi yawan waya ba. A faɗa masa mutum nawa za su zo, kwana nawa za su yi. Kada a tsaya ga "ku taho kawai, gida naku ne", domin ba wanda zai ce wa ɗansa kada ya zo. A yi tambayoyi masu amsa: wane ɗaki za a sauka, yana yoyo ko ba ya yi, gidan sauro nawa ke akwai, rijiya ake sha ko famfo, mota tana shiga garin bayan an yi ruwa ko sai da amalanke.

Lissafin abinci da tsaraba

Tsaraba daban, abincin da za ku ci daban. Mutane da yawa suna haɗa su, nan ne lissafi ke ɓacewa.

Tiyar gero ɗaya tana kai kilo 2 da rabi. Babban mutum yana cin kamar rabin kilo na hatsi a wuni, tsakanin fura da tuwo. Ke nan miji da mata da yara huɗu suna cinye kusan tiya ɗaya kowace rana. Mako biyu, tiya 14, wato kilo 35 daga rumbun da aka yi wa lissafi ba tare da ku ba. Abin da zai rufe wannan giɓi: buhun shinkafa mai kilo 25, katan ɗaya na taliya, lita 5 na mai, sukari kilo 3 zuwa 5, gishiri, dunƙulen miya, da tumatirin gwangwani. In garin Tawa ko babban gari kamar Ƙonni ko Illela za ku sauka, ba sai an yi dakon buhu tun daga Yamai ba. Kuɗin awon kaya a tasha yakan cinye ɗan bambancin farashin. A aika kuɗin ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza, a sayi kayan can kafin ku iso. In ƙauye ne mai nisa da kwalta, a saya a babban gari na ƙarshe kafin a bar titi.

Ita tsaraba kuwa ana yin ta da takarda da alƙalami. A rubuta sunayen gidan bi da bi, daga maigida da matansa, zuwa gwaggo, kawu, inna, matan ƴan uwa, har maƙwabciyar da ke aiko da fura. Tsofaffin mata: turmin zane ko mayafi, sabulu, man shafawa. Tsofaffin maza: goro, ganyen shayi da sukari, hula ko tocila mai caji da rana. Yara: alawa da biskit, a sayi fiye da ƙidayar da aka yi, domin yaran unguwa ma za su zo. Inda akwai kishiyoyi, abin da aka ba wannan shi za a ba waccan, iri ɗaya, tsada ɗaya, launi kawai zai bambanta. Kuma ba baƙo ke rabawa da hannunsa ba: a miƙa wa uwargida ko tsohuwar gidan, ita ta san wanda za a fara da shi. A ware sabulu biyar ko shida da ɗan goro a ajiye gefe, saboda wanda aka manta, kuma kullum sai an manta da wani.

A nemi canji tun a Yamai. Takardar jika goma, wato 10,000, ba ta da amfani a ƙauye ranar da ba kasuwa. A samu ƴan jika-jika da takardun 500 da tsaba. A kuma koya wa yara lissafin dala kafin su je: dala ɗaya tamma biyar ce, don haka "ashirin" na mai ƙosai shi ne 100 a rubuce, "ɗari" kuma 500. Yaron da ya saba ƙidaya da Faransanci yakan tsaya yana gardama da mai talla a kan kuɗin da ba a cuce shi ba.

Tikiti da ɗaurin kaya

Manyan motocin kamfani irin su Rimbo, STM, Sonef da Al Izza suna da tashoshinsu daban-daban a cikin Yamai, kuma mafi yawan masu tafiya nesa da asuba suke tashi. Ƙananan motoci, su Hiyas, ana samun su a tashar Wadata. Sun fi araha, amma ba sa tashi sai sun cika, suna tsayawa ko'ina, kuma ana cusa mutane fiye da kujeru. Mai tafiya da yara ya ɗauki babbar mota, ko da zai rage tsaraba.

A yanki tikiti kwana biyu ko uku kafin tafiya, a tafi da katin shaida, a duba sunan da aka rubuta da ranar da aka buga tun ana gaban mai sayarwa. A tambayi ƙarfe nawa ake kiran suna, ba ƙarfe nawa mota ke tashi ba. Yaron da ya wuce shekara uku ko huɗu a saya masa kujerarsa. Tafiyar awa takwas zuwa goma ce. Wadda ta ɗora yaro a cinya don ta rage kuɗin tikiti za ta sauka ƙafa a kumbure, yaron ma a wahale. Kujerun tsakiya, gaban tayoyin baya, sun fi kwanciyar hankali. Na can ƙarshe suna jijjiga, ga zafin inji, kuma nan ne yara suka fi amai.

Manyan kaya a kai su tasha da marecen jajibiri a auna su, a karɓi takardar kowace jaka. Ɗakin kaya na ƙarƙashin mota ba ya hana ruwa shiga idan aka ratsa wuri mai ruwa, saboda haka a sa tufafi cikin babbar leda tukuna, a ɗaure bakinta, sannan a sa cikin jaka. Sukari da gari da madarar gari leda biyu-biyu. Jarkar mai a sa leda a bakinta kafin a murɗa marfi, a tsayar da ita cikin katan, kada ta haɗa jaka da zannuwa. Sabulu kada ya kwana da ganyen shayi ko shinkafa, ƙamshinsa yana shiga ba ya fita. A rubuta suna da garin sauka a jikin kowane kaya da babban rubutu, a ɗaura masa ƙyalle mai launi, domin jakunkunan kasuwa duk kamarsu ɗaya.

Jakar hannu ita ce ba ta rabuwa da mutum. A cikinta: katin shaida na kowane babba, takardar haihuwa ko katin lakwal na kowane yaro, katin asibiti na ƙanana, kuɗi, waya da caja, magungunan da wani ke sha kullum, ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, ledoji na amai, tufafin canji ɗaya ga kowane yaro, zane ko rigar sanyi saboda sanyin na'urar mota da asuba, da ƙaramar buta. In yaro zai bi wanda ba mahaifinsa ba, a haɗa shi da takardar izini daga iyaye da lambar wayarsu. Tana rage dogon bayani a shingen jami'an tsaro.

Hanyar kanta

Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne ta hanyar da motocin kamfani ke bi. Ana kama babbar hanya ta ɗaya zuwa gabas, a wuce Kure, a gangara Dallol Boso a Birnin Gaure, a isa Doso bayan kusan kilomita 140. Daga nan sai Dogondutsi, kusan rabin tafiya, sannan Birnin Ƙonni a wajen kilomita 420. Kaɗan bayan Ƙonni, a Tsarnawa, ake barin hanyar Maraɗi a juya arewa, a bi ta Badagishiri a shiga Tawa. Masu zuwa Malbaza, Galmi ko Madawa su ba sa juyawa, suna miƙewa. Akwai wata hanya ta Baleyara da Filinge wadda ta fi gajarta a taswira, amma saboda halin tsaro na wannan yanki ba hanyar da za a bi da iyali ba ce.

Tsayawar mota gajeriya ce, kuma direba ba ya ƙidaya kai sau biyu. Da an tsaya, a fara kai yara bayan gida, sannan a yi cefane. A haddace lambar motar ko a ɗauki hotonta da waya, domin a Doso da Ƙonni motoci uku na kamfani ɗaya suna iya jeruwa. Abincin hanya: burodi, dafaffen ƙwai da mutum ya ɓare da kansa, ayaba, dabino, gasasshen nama da aka sauke daga wuta a gabanka. A bar kwaɗon ganye, da fura da nonon da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, da ƙanƙarar leda. Yaron da mota ke juya wa ciki kada a cika masa ciki da maiƙo kafin tashi, kada a ba shi waya ya duƙufa a kanta. Ya zauna gefen taga yana kallon nesa.

A shingaye, a riƙe katin a hannu tun kafin a ce a sauka, a sauka tare da yaran, kada a ɗauki hoto. Game da salla kuwa, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka ana rage masu raka'a huɗu zuwa biyu a hanya. Amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye a inda ya sauka, cikawa zai yi.

Ruwa shi ne mai yanke hukunci. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanya a Sore, bakin fita Yamai, motoci suka yi cirko-cirko kwanaki. Saboda haka daren tafiya a kira tasha, a kira kuma wani da ke Dogondutsi ko Ƙonni a ji ko an yi ruwa mai yawa. Kada a sa ranar tafiya ta zama jajibirin ɗaurin aure ko suna. A bar kwana biyu tsakani.

In da motarka za ka

Mako ɗaya kafin tafiya, ba ranar ba, a kai mota gareji. A duba tayoyi huɗu da ta ajiya, a tabbatar jak da makullin taya suna ciki kuma sun dace da motar. A canza robar share gilashi in ta bushe. Zafin bazara yana ƙona ta, ba a ganewa sai ruwa ya sauko. A duba birki, fitilu, ruwan lagireto da bel. A ɗauki igiyar ja, tocila, jarkar ruwa mai lita 10, da ƙaramin shebur in za a bar kwalta. Takardu: parmi (lasisin tuƙi), kart giriz (takardar rajistar mota), asiransi (inshora), binyet (shaidar biyan harajin mota) da takardar bizit (ta binciken lafiyar mota), a duba ranar ƙarewar kowacce. A tanadi canji na kuɗin hanya.

Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 44 zuwa Tawa. Da kaya da na'urar sanyi a lissafa 50. A cika tanki a Yamai, a ƙara a Doso ko Ƙonni, kada a bari ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Man kwalba na bakin hanya, wanda ake ce wa ruwa-ruwa, a damana yakan zo da ruwa ko ƙasa a ciki. In dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

A tashi da an sallame asuba, a yi nufin shiga Tawa kafin la'asar. Hadari ya fi tasowa da marece ko da dare, daga gabas, da jar iska a gabansa. In ta rufe hanya, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a jira. Kada a fake ƙarƙashin itace. Tuƙin dare kuwa a bar shi: amalanke ba ta da fitila, jakuna da shanu suna kwanciya a kan kwalta saboda ƙasa ta jiƙe, manyan motocin da suka lalace ba su da alama sai ƴan rassan itace.

Ga wani abin da ke kashe mutane. Inda ƙorama ke ratsa hanya ta kan gadar ƙasa, ruwan da ke gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 yana tafiya da kusan kowace mota. Kuma ba a ganin ko ruwan ya cinye gefen siminti a ƙarƙashi. Ƙoramar Adar tana kawowa ko da ba a yi ɗigo a inda kake ba, in an yi ruwa a kan duwatsu can sama. Tana kuma janyewa cikin ƴan awoyi. Abin yi shi ne jira. A kafa kara a bakin ruwan a ga ko yana ja ko yana ƙaruwa, a tambayi mutanen wurin, kada a bi babbar mota don ta wuce. In ruwa ya kwanta, ya sauka ƙasa da rabin taya, a shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tare da ɗaga ƙafa ba. In inji ya mutu a ciki, kada a sake tayar da shi: ruwan da ya shiga ta hanyar iska ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfen cikin inji. A tura motar waje. Bayan an fita lafiya, a taka birki sau da yawa a hankali har ya bushe.

Sauka da gaisuwa

Baƙo ba ya fara buɗe jaka. A sha ruwan da aka kawo, a gaisa, a huta. A gaya wa yara tun a mota: takalmi a bakin tabarma, a durƙusa wa manya, hannu biyu in za a karɓi abu, kuma ba a kiran babba da sunansa tsirara, Kaka, Baba, Inna, Gwaggo, Kawu. A koya musu amsa uku ko huɗu, domin da yawa daga yaran Yamai Zabarmanci da Faransanci sun fi musu sauƙi: "Ina gajiya?" "Babu gajiya." "Ina ruwa?" "Ruwa ya yi gyara." A kuma gargaɗe su cewa kaka za ta tsokane su, ta ce wa jikanta namiji "mijina, ina cefanena?", taubasai kuma za su ce musu ƴan birni ba su iya cin tuwo ba. Wasa ne mai tsohon asali, amsarsa dariya da ramawa, ba kuka ba.

Kashegari da safe ake fara zagaye, kuma da tsari. Gidan da aka yi rasuwa tun zuwanku na ƙarshe shi ne farko, ko da an yi ta'aziyya ta waya. Sai marasa lafiya, sai tsofaffin dangi bisa girma, sai surukai, sai maigari da liman in ƙauye ne, sannan abokai. A ɗauki wani na gida ya yi jagora, shi ya san wanda ya ƙaura da wanda ke fushi. A damana lokacin samun mutane shi ne bayan la'asar ko ranar Juma'a. Da hantsi gidaje ba kowa. Kada a zauna har a ɗora tukunya dominku a gidan da kuka san ba shi da hali: a gaisa, a ajiye abin da aka kawo, a ce akwai sauran gidaje.

Kuɗin cefane a ba matar da ke girki a ɓoye, kowane kwana biyu ko uku, ba a gaban jama'a ba. Yaran da suka kai shekara goma su bi gona da safe, ko da awa biyu ne, da hula da takalmi rufaffe. Ƴan mata su taya ɗaukar abinci zuwa gona da surfe. Kakanni suna lura da wannan fiye da yadda suke lura da turmin zane.

Lafiyar yara

A taho da gidan sauro mai magani, ɗaya ga kowane mutum biyu, da igiya da ƙusa, a ɗaura tun daren farko, ko a tsakar gida za a kwana. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. In aka bar wa gidan su ranar komawa, sun shiga cikin tsaraba mafi amfani.

Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ana ba su maganin rigakafin zazzaɓin damana sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne: ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, kwana biyu na baya uwa ke bayarwa a gida. Tafiya ita ce ke sa a tsallake zagaye, ko a sha na ranar farko a manta sauran. A tafi da katin shan maganin, da an sauka a tambayi asibitin garin ranar da masu rabawa za su zagayo.

Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a yi gwajin jini na yatsa a ranar, kada a jira a ga ko gajiyar hanya ce. Parasetamol yana sauke zafi ne kawai, ba ya kashe cutar. Ana ba da miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, awa shida tsakani. In gwaji ya nuna zazzaɓin sauro, maganin da aka fi bayarwa sha shida ne cikin kwana uku, a haɗa da abinci ko nono, a kuma ƙarasa shi ko yaro ya tashi yana wasa. Jijjiga, amai ba tsayawa, kasa shan nono, barcin da ba a iya tayar da shi, ko tafin hannu ya yi fari fat: wannan na babban asibiti ne, a nemi mota ko da tsakar dare.

Gudawa ita ce ta biyu. Ruwan rijiya a damana yana gurɓata da abin da ruwan sama ya kwaso. A tace shi, a tafasa har ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs bisa awon da ke jikin takardarta, a jira minti 30. A taho da ƙunshi goma na gishirin gudawa: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da zinki, miligiram 20 a rana har kwana 10, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba.

Tabki kuwa a hana shi da gaske. Yaran gari sun san inda rami yake, baƙo bai sani ba, kuma ramukan da aka haƙa don yin tubali suna cika su yi kama da ƙaramin ruwa. Ban da nutsewa, ruwan kwance yana sa tsargiya, wadda ba ta nuna kanta sai bayan makonni, yaro ya fara fitsarin jini. Da dare a riƙe tocila, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Hangara tana zuwa wajen fitila. In ta sauka a jiki a hure ta, kada a murƙushe, ruwanta ke sa fata ta yi bororo. Saran maciji: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a ɗauki mutum zuwa asibiti. In aka kwana ana ruwa, a duba bangon ƙasa kafin a shimfiɗa wa yara a gindinsa.

Ɗan yawo

Ba sai an kashe kuɗi ba. Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, a nan yaro zai ga Buzaye da Fulani da Adarawa a wuri ɗaya, ya ga raƙuma da cuku da kayan fata. A tafi da safe, a riƙe hannun ƙanana. Wanda ke da mota yana iya kai su ƙauyen Yama, a yankin Tawa, su ga masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A nemi izini wajen masu kula da shi kafin a shiga ko a ɗauki hoto. Tabkin Tabalak, a kan hanyar Abalak, yana cika a wannan lokaci, ana samun kifi. Duk abin da ya wuce nan zuwa arewa, a tambayi mutanen gari halin hanya a ranar, a kuma dawo da rana tsaka. In kuma ƴan uwa ne suka biyo ku Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama, da namun dajinsa da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, ya ishe su wuni guda.

Komowa

A yanki tikitin dawowa tun mako ɗaya kafin ranar, in ƙarshen Satumba ne ma tun kwana goma, a kuma dawo aƙalla kwana biyar kafin buɗe lakwal, saboda sayen kayan karatu da gyaran barcin yara. Sallama ana fara ta kwana biyu kafin tafiya, gidajen da aka gaisar su ake komawa.

Za a haɗo ku da kaya, kuma ƙin karɓa ba ladabi ba ne. Abin da ake yi shi ne a karɓi mai sauƙi ga gidan, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, gabu, a roƙi a bar hatsi sai bayan girbi. Cuku a naɗe shi da takarda, ba leda ba, domin yana gumi ya yi fumfuna. Ƙwan zabi a jera cikin kwano da dusa ko gero tsakaninsu, ya zauna a cinya. Daddawa a rufe ta cikin gwangwani. Kaza ko zabuwa mai rai a tambayi tasha tukuna ko suna ɗauka. Sabon wake da tumu da aka sa a leda a buɗe su da an isa, a shanya.

Bayan an dawo, a sa ido a kan yara har wata guda. Cizon sauron daren ƙarshe a ƙauye yana iya fitowa bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta da tafiyar. In an je asibiti a faɗa wa likita inda aka je da ranar da aka dawo. A daren isowa kuma a kira gida, a ba kowane yaro waya ya ce wa Kaka sun sauka lafiya, domin ba za ta kwanta ba sai ta ji.